Ni Na Gina, Ita Ta Duba

Ni na koya wa ƙanwata yadda ake kunna kwamfuta. Ina so a fara riƙe wannan kafin a ji sauran, domin a gidanmu na unguwar Yara yanzu ba mai tuna haka sai ni, in kuma na faɗa sai a ce na cika mita.

Ni ce 'yar fari, ita ce auta. Maza biyu ne a tsakaninmu, su kuwa tun da suka samu aiki suka bar Keffi sai da sallah muke ganinsu. Ni da ita abu ɗaya muka karanta a jami'a, wato ilimin kwamfuta, sai dai na riga ta da shekaru masu yawa, kuma ba yabon kai ba, na fi ta iyawa nesa ba kusa ba. Aikina rubuta kod ne, wato umarnin da ake jerawa layi-layi har ya zama manhajar da mutum zai buɗe a wayarsa. Wani ƙaramin kamfani nake yi wa aiki, ofishinsu yana Abuja, amma ba sai na je ba. Ɗakin da ke jikin zauren gidanmu na mayar ofis, na sa masa sola da na'urar intanet. Ko da aure ya kai ni Jigwada ban kwashe kayan ba. Kullum da safe nakan hau acaɓa da 'yata a goye, in miƙa ta ga Umma, in shige ɗakin in ja ƙofa.

Babanmu tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, kuma bai taɓa kiran sunana ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a gida irin namu. Kunyar ɗan fari ce, haka ya ga an yi masa, haka shi ma ya yi. In yana son in kawo masa ruwa sai ya ce, "Ke." In yana maganata da wasu sai ya ce "babbar." Ranar da na kawo masa sakamakon digirina ya buɗe, ya karanta har ƙasa, ya ninke ya miƙo mini ya ce, "To, madalla," ya sa takalmi ya tafi masallaci. Auta kuwa ko bironta ne ya ɓace sai an tashi gida an nema. Yana kiran sunanta da safe, yana kira da rana, har da wasu sunayen wasa da shi kaɗai ya san inda ya samo su.

Suna dai na haƙura da shi tun ina ƙarama. Abin da ban haƙura da shi ba ƙarami ne ƙwarai: so nake wata rana ya ja kujera ya zauna kusa da ni ya ce, "Nuna mini abin da kike yi." Shi ke nan fa. Na sa a raina cewa in na gina wani abu mai kyau da hannuna zai gani ya kasa daurewa. Matsalar ita ce aikina ba shi da kyan gani. Baƙin allo ne da ƙananan rubutu masu launi. Sau ɗaya ya taɓa leƙowa ya ga allon, ya je ya tambayi Umma ko kwamfutar tawa ta lalace ne.

Auta da kuka ta gama jami'a. Ba wai ba ta iya rubuta kod ba ne, tana iyawa, amma kamar mai shan maganin zazzaɓi, tana yi tana yamutsa fuska. Aikinta na shekarar ƙarshe ni na zauna da ita har ya tashi. Da ta dawo daga bautar ƙasa ni na roƙi ogan namu ya ɗauke ta, ni na ba ta tebur a ɗakina, ni na ba ta tsohuwar kwamfutata. Ba a daɗe ba wata rana ta juyo da kujerarta ta kalle ni.

"Yaya, ni fa rubuta kod ɗin nan ba na jin daɗinsa. Na yi wa oga magana, ya yarda in koma ɓangaren gwaji, in kuma riƙa rubuta bayanin yadda ake amfani da abin da muka yi."

"Gwaji?" na ce. "Duk wahalar jami'ar nan, ashe 'yar sa-ido muka yi ta raino."

Ta yi dariya, don ita ba a iya ɓata mata rai cikin sauƙi, wannan ma wani abin haushin ne. Ta ce ita abin da yake mata daɗi shi ne ta gano ta inda abu zai karye, kuma ta fi son ta yi wa mutum rubutu a kan ta yi wa inji. Na ce haka duk wanda ya kasa yake cewa. Abin da na ɗauka ke nan a lokacin: mu ne magina, masu gwaji kuwa su ne waɗanda ke zuwa bayan an gama gini suna ƙwanƙwasa bango. Har tausayinta na ji. Na ja Umma gefe na ce kada a gaya wa Baba tukuna, don kar ransa ya ɓaci.

A tsarin aikinmu, in na gama wani sashe ba ya isa ga jama'a sai ya bi ta hannun mai gwaji. Za ta danna abin da bai kamata a danna ba, ta rubuta haruffa a inda ake son lamba, ta kashe data ana tsakiyar aiki. Duk inda abu ya tsaya sai ta rubuto mini: ga abin da na yi, ga abin da ya kamata ya faru, ga abin da ya faru. Sai ta ce ya wuce sannan ya wuce. Wato yarinyar da na goya a bayana ita ce yanzu take riƙe da ƙofar da aikina zai fita.

A shekarar aka ba mu aikin wata manhaja ta manoma. Mutum zai shiga ya nemi tarakta ta zo ta yi masa huɗa, ya faɗi inda gonar take, da girmanta, da ranar da yake so. Kusan komai nata ni na gina. Ta yi kyau, ni kaina in na buɗe ta sai in ji daɗi.

Wata rana bayan la'asar Auta ta ɗauki wata tsohuwar waya mai tsagaggiyar fuska ta fita zaure, inda Baba yake zama da rediyonsa. Tagar ɗakina zauren take kallo, don haka komai a kunnena aka yi.

"Baba, taimaka mini za ka yi. Ka nemo wa gonarka ta Gitata tarakta da wannan. Ba zan ce maka komai ba, ko ka tambaye ni ba zan amsa ba. Duk inda ka maƙale kuma ba laifinka ba ne, laifinmu ne."

Laifinmu wai. Ni da na san wanda ya rubuta abin, na san laifin wa ake nufi.

Na leƙa ta taga. Ta zauna a ƙasa ta danne hannuwanta da cinyoyinta don kada su kai ga wayar. Baba ya gyara tabarau ya fara, yana karanta kowace kalma a fili. Shi mutum ne da in ya danna abu bai motsa nan take ba sai ya ƙara dannawa, da ƙarfi kuma, yana ganin wayar ce take masa taurin kai. Ya cika komai ya zo maɓallin ƙarshe ya danna. Sabis ya ɗan yi nauyi, bai ga komai ba, ya sake dannawa. Sai ga saƙo ya shigo har biyu.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni da gona ɗaya an ba ni tarakta biyu. Ko yayarki ta saya mini gonar maƙwabcina ne ban sani ba?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda tari yake biyo bayanta. Tun da aka haife ni a gidan ban taɓa zama sanadin dariyarsa irin wannan ba sai ranar, kuma ba da ni ake yi ba, ni ake yi wa. Kafin a kira magariba na gyara wurin. Ba wanda ya tambayi yadda na yi.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Bayan la'asar Baba zai dawo daga masallaci, ya kashe rediyo da kansa, ya ɗaga murya ya kira ta ya ce, "Yau ba aiki ne?" Mutumin da tun ritayarsa ba ya sa hula sai zai fita, ya koma sa hula don zaman gwaji. Ya kai tabaransa aka ɗaure masa ƙafar da ta karye. Kullum kuma sai sun samo wani abu. Na ce a rubuta girman gona da hekta, ya ce shi gonarsa daga ɗorawa take zuwa rafi, kuma duk manomin da ya sani haka zai ce. Na sa a zaɓi shekarar haihuwa, ya yi ta ja da yatsa yana neman tasa har ya gaji ya ce an raina tsofaffi. Ya fita tsakar rana ya ce rubutun ba ya ganuwa, ko an ɗauka manomi a ofis yake? Duk wanda ya gano sai ya ce, "Rubuta, rubuta ki kai mata," cikin murnar da ba ya ko ɓoyewa.

Har Gitata suka riƙa zuwa. Akwai wani wuri a hanyar gonarsa da sabis yake ɗaukewa, ita kuma tana so ta ga abin da zai faru in mutum ya tura buƙatarsa daidai nan. Sai su shiga tsohuwar motarsa su tafi, ya tsaya a gefen hanya, su yi ta gwadawa. Da yamma su dawo da gasasshiyar masara, suna labarin wani direban tarakta da suka haɗu da shi, suna ƙarasa wa juna magana. Ni kuma a miƙo mini masara ɗaya da ta huce, a kuma turo mini abubuwan da zan gyara.

Sai kuma rubutun bayanin. Ta rubuta jagorar amfani da manhajar, da Hausa da Turanci, ta buga a takarda ta kai masa. Ya shiga ɗaki ya fito da jan biro, ban ma san yana da sauransu ba. Ya zauna ya bi ta layi-layi. "Wannan jimlar ta yi tsawo, manomi zai yi gyangyaɗi kafin ya kai ƙarshenta. Nan kin ce ya danna, ba ki gaya masa abin da zai gani bayan ya danna ba. Mutum in bai san abin da zai biyo baya ba tsoro yake ji." Ita kuma tana gardama, yana gardama, wani wurin ta yarda, wani wurin ta ƙi. Gardama da Baba! Ni ko tsayuwa a gabansa ba na yi sai na rusuna.

Na ji shi yana gaya wa Umma a tsakar gida. "Ai wannan aikinmu ne. Ka duba aikin wani ka nuna masa inda ya kauce, ka kuma yi wa wanda bai sani ba bayani har ya gane. Malanta ce, alli ne kawai babu." Abin da na ce a ɓoye masa don kar ransa ya ɓaci, shi ne ya zama abu ɗaya a duk karatunmu da ya gane, ya kuma so.

Kishi na ji, ba wani suna zan ba shi ba. Kishi mai zafi, irin wanda in na ji dariyarsu a zaure sai in kasa ganin abin da ke kan allona. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wannan zaman nasu a kan aikina ake yin sa. Ba don na gina ba, me za su duba? Ni na dafa abincin, su suka zauna suna ci tare suna cewa gishiri ya yi kaɗan.

Wata rana na yi ta maza. Yana wucewa ta ƙofar ɗakina na ce, "Baba, ko za ka ga cikinta? Abin da kuke gwadawa, ga yadda yake ta ciki."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya miƙo wuya ya kalli allon, na ja masa rubutun yana ta gudu sama ba ya ƙarewa.

"Duk wannan ke kika rubuta?"

Na ce e, Baba.

"To ina ne wurin da ya sa taraktar nan ta zo biyu?"

Na nemo na nuna masa. Ɗan layi ne da bai kai tsawon yatsa ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ɗan wuri ne. A riƙa kula." Ya wuce zaure.

Umma ce ta fara gane halin da nake ciki, don ita ba a ɓoye mata fuska. Na shiga ɗauko 'yata ta kalle ni ta ce, "Ke da 'ya a baya kike kishin ƙanwarki?" Na ce e, kishinta nake yi, kuma ba zan daina ba. Ta ce in ji tsoron Allah, mutumin nan yana alfahari da ni, nauyin baki ne kawai irin nasu. Na ce to ya yi ta alfaharin a cikinsa, ni ba a cikinsa nake zaune ba. Ta ce Allah ya shirye ni, ta ƙara mini nama a miya, wanda shi ne irin nata lallashin tun ina yarinya.

Da aka ce mu yi wa manhajar sabon zubi kafin damina ta kama, sai na ƙudura abu ɗaya. Zan miƙa musu aikin da ba za su sami ko ƙwayar kuskure a ciki ba. In ga abin da za su yi wa dariya. In ga kuma ko Baba zai iya zama ya danna, ya danna, ya rasa abin cewa, bai ɗaga kai ya kalli tagata ba.

Na yi aiki kamar ba gobe. Duk abin da na san za su gwada na riga su gwadawa. Na rubuta wani kod ɗin daban wanda ba shi da aiki sai gwada kod ɗina. Na ba maigidana waya na ce ya danna duk abin da ya ga dama. Na ba matar da nake sayen doya a wurinta a kasuwa, ta danna da hannu duk ƙasa, tana tambayata da Hausarta mai gauraye da Gwandara ko taraktar za ta zo da gaske. Har hanyar Gitata na je ni kaɗai a motar haya, na sauka a inda sabis yake ɗaukewa, na tsaya cikin rana ina tura buƙata. Ina sane sarai cewa aikin da na raina shi nake yi, ban dai gaya wa kowa ba. Da na gama na tura wa Auta na ce, "Ga shi nan, Malama, a sha gwaji lafiya."

Suka duƙufa a kai. Ranar farko Baba ya danna komai sau biyu, sau uku, ba abin da ya ɓaci. Washegari suka tafi Gitata suka dawo shiru, masarar ma ba su saya ba. Auta ta yi duk mugun dannan da ta iya. Kwana da kwanaki ana yi, ba a turo mini komai ba sai wani harafi da ya karkace a cikin jagorar, wannan kuwa nata ne. Ina zaune a ɗaki ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Ana cikin haka abokin Baba ya zo. Tsohon malami ne shi ma, ɗan ƙabilar Eggon, sun koyar a makaranta ɗaya shekaru da yawa, yakan biyo bayan ya taso daga taron cocinsu su sha hira. Baba ya miƙa masa wayar ya ce ya gwada sa'arsa. Ya yi ta fama, ya juya wayar, ya kashe ya kunna, ya nemi tarakta ya soke ya sake nema. Daga ƙarshe ya ajiye.

"Hedimasta, wannan abu ba ta da matsala ko ɗaya. Babbar 'yarka ta iya aiki fa. Ka gode Allah."

Na ɗauke hannuna daga kan kwamfuta.

"Ai ƙaramar ce ta tsaya a kanta," in ji Baba. "Da can sai ka nemi tarakta ɗaya ta kawo maka biyu. Yarinyar nan ta yi ta mayar mata da aiki har ta gyaru. Ka san yadda abin yake, mun yi da ɗalibai."

Na sani, wataƙila kunyar ce. Uba irin Baba ba zai zauna a yabi 'yar farinsa a gabansa ya ce haka ne ba, dole ya kawar da zancen. Na san wannan. Amma yana iya cewa yau ana zafi, yana iya tambayar abokin nasa lafiyar iyali. Ba wanda ya ce sai ya ɗauki abina ya miƙa wa wata.

Auta kuwa nan take ta ce, "A'a Baba, wallahi wannan aikin Yaya ne, ni ban yi komai ba." Ya ce, "Ka ji ta ko? Ga ta da kawaici." Wato gaskiyar da ta faɗa ma lada ta zame mata. Da ta shigo ɗaki ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri," na ce haƙurin me, ni aiki nake yi. Da a ce muguwa ce da na samu sauƙi.

Ba a rufa shekara ba wani kamfani da ya fi namu girma ya neme ta. Jagorar nan suka gani, suka tambayi wanda ya rubuta. Suka ce ta zo Abuja ta riƙe musu masu gwajinsu, ta kuma riƙa rubuta bayanin da maginansu za su bi. Ogan namu ya so ya riƙe ta bai iya ba. Ya ce mini a waya masu rubuta kod in ya nema zai samu kafin azahar, amma wanda ya san kod kuma ya iya yi wa mutum bayani, wannan sai an tona. Ya manta da wa yake magana. Hanyar da na ɗauka ta waɗanda suka kasa ce ta kai ta inda ni ban je ba, kuma yanzu in ɗalibai mata suka zo neman shawarata nakan gaya musu akwai wannan hanyar, ina faɗa ba da son raina ba.

Na yi mata murna, har akwati na saya mata. Murnar dai biyu ce, ɗaya tata, ɗaya tawa. Na ce to, yanzu zaure ya zama fili.

Bayan tafiyarta Baba ya koma rediyonsa. Hular ta koma kan ƙusa. Na bari aka ɗan kwana biyu, sannan wata la'asar na ɗauki waya da wani sabon sashe da na gama, na fita na durƙusa na ce, "Baba, ko za ka duba mini wannan?" Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Na zauna a ƙasa na riƙe hannuwana. Ya fara karantawa a fili. Ya wuce shafin farko, ya wuce na biyu. A na uku yatsansa ya nufi wani wuri da ba nan ne hanya ba, wurin da na san in ya shiga zai ɓata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba nan ba, Baba. Na ƙasan."

Ya danna na ƙasan. Sai na ga ya kamata in gaya masa dalilin da ya sa na sa shi a ƙasa, don kar ya ɗauka ganganci ne. Na yi bayani. Ya saurara. Daga nan duk inda zai danna sai ya ɗago ya kalle ni tukuna, ni kuma in nuna. Muka kai ƙarshe ba tangarɗa ko ɗaya, ba dariya ko ɗaya. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar baƙon da aka ba aron abu.

"To, ya yi. Allah ya yi albarka."

Ya kunna rediyonsa. Auta tana iya yin shiru don ba ita ta haifi abin ba. Ni kuwa na san kowane lungu nasa, ba zan iya zuba ido Baba ya faɗa rami a cikin abin da na gina ba. Na sake gwadawa wani lokacin, ya ce idonsa yana masa ciwo.

Ashe Auta ba ta saki ɗalibinta ba, ko in ce malaminta. Da ta zauna daram a sabon wurin sai ta fara turo masa abubuwan kamfaninsu ya gwada, tana kallonsa ta kiran bidiyo. Sai dai sabis ɗin zaure ba ya ɗaukar bidiyo, hoton yakan tsaya, murya ta yanke. Wuri ɗaya ne a duk gidan intanet yake da ƙarfi, wato ɗakina. Bai tambaye ni da kansa ba, Umma ya aiko. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gefe ta ce, "Babanku ya ce ki sa masa kujera a nan, bayan la'asar."

Na sa masa. Na share ɗakin, na goge teburin da Auta ta bari, na matso da fanka ɓangarensa.

Yanzu kullum bayan la'asar Baba yana shigowa ɗakina da hularsa. Yana jan kujera ya zauna kusa da ni, kusa ƙwarai, in na miƙa hannu zan taɓa hannun rigarsa. Ina jin ƙamshin turarensa. Yana jingina wata waya da kofin shayina don ta gan shi sosai, ya riƙe ɗayar, ya juya mini baya. Suna gaisawa, ya kira ta da sunayen nan nasa, ta ce masa ba za ta taimake shi ba, ya ce ya sani. Manhajar wasu mutane ce da ban san su ba. Yana samo musu kurakurai yana dariya har da tari.

Rannan ina tsakiyar wani aiki mai wuya, ya fara warwaruwa, yatsuna suna gudu a kan kwamfuta. Sai na ji ya yi shiru. Ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni, ya kalli allon, ya kalli hannuwana. Na tsaya. Na ɗan karkato masa da kwamfutar yadda zai gani da kyau.

"Ke," ya ce, "rage ƙarar danne-dannen nan. Aiki muke yi."